Gishiri a Tukunya, Gishiri a Kan Ƙanƙara

  Sharhinmu na yau a kan gishiri ne da ruwa, da abin da ke faruwa idan suka haɗu a kan wuta ko a cikin sanyi.

Akwai maganganu guda biyu da suka zauna daram a bakin mutanenmu. Ta farko ta madafi ce. Uwargida ta ɗora sanwa, yara na jiran abinci, itace kuma ya ƙi ci, sai a ce mata ta watsa gishiri a ruwan don ya yi saurin tafasa. Ta biyu ta bakin kasuwa ce. Mai sayar da ruwan sanyi ya sayo ƙanƙara da tsada, rana ta take, sai wani ya ba shi shawara ya barbaɗa mata gishiri don ta daɗe ba ta narke ba. Masu faɗin waɗannan maganganu ba ƙarya suka shirya ba, kowannensu akwai abin da ya gani da idonsa. Sai dai duka biyun a juye suke. Gishiri jinkirta tafasa yake yi, kuma gaggauta narkewar ƙanƙara yake yi. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne girman aikin nasa: a tukunyar girki ɗan mitsitsi ne da ba ya kai a kula da shi, a kan ƙanƙara kuwa babba ne ƙwarai, har yana iya kawo riba, yana iya jawo asara, yana iya yi wa mutum rauni.

Mu fara da tukunya, tunda ita ce a kowane gida.

A ma'aunin zafi na Selshiyos, wanda ake amfani da shi a asibitocinmu da rahoton yanayi, ruwa zalla yana daskarewa a sifiri, yana tafasa a digiri 100. To amma wannan 100 ɗin ta mutanen bakin teku ce, irin su Legas. Mu nan a tsakiyar jihar Katsina muna zaune ne a kan tudu, sama da mita 500 daga bakin teku. Iskar da ke danne saman ruwanmu ba ta kai tasu nauyi ba, don haka ruwan tukunyar Dutsin-Ma da ta Kurfi yana tafasa a wajen digiri 98. A Jos, inda tudun ya ninka namu, wajen 96 ne. A riƙe wannan 98 ɗin namu, zai yi mana amfani nan gaba kaɗan.

Ruwa tarin ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani. Idan wuta ta kama gindin tukunya sai su yi ta motsi, har su kai matsayin da suke ɓallewa su zama tururi da ƙarfin da zai ture iskar da ke danne su. Tafasa ke nan. Idan aka narkar da gishiri a ciki, ƙwayoyinsa sukan cuɗanya da na ruwan, ɓallewar ta ɗan yi wuya, sai an ƙara zafi kafin a kai ga tafasa. Wannan gaskiya ne, kuma duk ɗalibin da ya zauna ajin kimiyyar sinadarai a sakandare an koya masa shi. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: an ce sai an ƙara zafi, to har nawa?

Ga lissafin. Kafin gishiri ya ɗaga tafasar ruwa da digiri ɗaya tak, sai an zuba wajen giram 58 a kowace lita. Wato a tukunya mai lita 5, sai an juye kusan giram 300. Ruwan teku kansa, wanda ba ya shawuwa, giram 35 ne a lita. Uwargidar da ta sa manyan cokula biyu na gishiri a wannan tukunya mai lita 5, abin da ta ƙara wa zafin tafasa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na digiri ɗaya ba, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Tudun da muke zaune a kai ya riga ya ƙwace mana digiri biyu. In da za a ce a maido su da gishiri, sai an zuba wajen giram 116 a kowace lita, kuma wannan abinci ko akuya ba za ta kusance shi ba.

Don a yi adalci, akwai wani ɓangare da masu cewa gishiri na gaggauta tafasa za su iya kamawa. Ruwan da gishiri ya yi masa yawa sosai yana ɗan saurin ɗaukar zafi fiye da ruwa zalla. Haka ne. Amma a gwargwadon gishirin miya, wannan ma bai kai abin da agogo zai nuna ba. Jinkirin ƙanƙane ne, saurin ma ƙanƙane ne, sun cinye juna.

To me iyayenmu mata suke gani, da suka tabbatar ruwa ya taso da zarar an watsa gishiri? Abin da suka gani ya faru, fassararsa ce ta kauce. Ruwan da ya kusa tafasa cike yake da iska da tururi masu neman inda za su kama su zama kumfa. Kowace ƙwayar gishiri da ta faɗa ciki takan zama wurin kamawa, sai ka ga ruwan ya yi fuuu ya taso. A ɗan dakata, zai kwanta ya koma yadda yake. In aka watsa sukari haka zai yi, ko yashi mai tsabta ma haka zai yi.

Dalilin da ya sa na damu da wannan magana, har na kawo ta gidan rediyo, shi ne itace. Kowa ya san yadda ƙullin itace da buhun gawayi suka yi tsada, ya san yadda dajinmu ya ja baya, ya kuma san cewa a wasu yankunan shiga daji neman makamashi ya zama kasada. Mai neman sauƙin itace, in ta dogara da gishiri, ta kama reshen da ba zai ɗauke ta ba. Abubuwan da ke rage cin itace a fili suke. Murfi shi ne kan gaba, domin tururin da ke tashi daga buɗaɗɗiyar tukunya yana tafiya da zafi mai yawan gaske: zafin da ake buƙata a mai da lita ɗaya ta ruwa tururi ya ninka wanda ake buƙata a kai ta ga tafasa fiye da sau biyar. Sai kuma rage wuta bayan an tafasa. Wannan fa a saurara da kyau: ruwa in ya tafasa, ya kai iyakarsa. Ko an tura masa itacen duniya ba zai wuce digiri 98 ɗin nan ba, sai dai ya ƙone ya bi iska. Waken da ke dahuwa a tafasa mai laushi da wanda ke dahuwa a tafasa mai tsalle-tsalle, zafi ɗaya suke sha. Mai dafa kalwar daddawa, wadda ke kwana tana iza wuta, da mai garau-garau a bakin tasha, su ne suka fi kowa cin moriyar wannan sani. Jiƙa wake tun dare shi ma yana rage lokaci sosai. Mai hali kuwa, tukunyar nan mai kulle tururi tana kai ruwa kusan digiri 120, shi ya sa ganda da ƙafar sa suke nuna a cikinta cikin ɗan lokaci.

Wani zai ce, to kanwa fa? Ai kowa ya shaida tana sa wake ya yi laushi da wuri. Gaskiya ne, amma ba ta hanyar ƙara wa ruwa zafi ba. Kanwa tana sassauta abin da ya ɗaure jikin waken ne, shi ya sa yake saurin faɗawa. Aikinta daban, na gishiri daban. Sai dai su biyun akwai abin da ya haɗa su, wato sinadarin sodiyam, wanda yawansa ke jawo hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma a ciki har da wanda ke ɓoye a dunƙulen ɗanɗano. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin mata masu jego, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi. Don haka duk ƙarin gishirin da aka zuba da sunan gaggauta girki, bai gaggauta komai ba, ya dai tafi jikin mutanen gida.

Akwai inda gishiri ke ɗaga tafasa a gani a shaida, wato wurin masu dafa shi kansa. Gishirin Bilma, kantu da beza, wanda ayarin raƙuman Abzinawa ke saukowa da shi ƙasar Hausa, rana ce ke ƙafar da ruwansa. Da irin wannan ayari ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya biyo daga Abzin, ya iso Katsina a farkon shekarar 1851. Amma mangul na ƙasar Manga, da gishirin Foga na kusa da Gaya a Jamhuriyar Nijar, da na Keana da Awe a jihar Nasarawa, dafa su ake yi. Ana tace ruwan gishirin, a ɗora a wuta. Ruwa na tashi, gishiri na zama, abin da ya rage a tukunya na ƙara kauri, tafasarsa na ƙara hawa. Lita ɗaya ta ruwa ba ta iya narkar da fiye da wajen giram 360 zuwa 390, gwargwadon zafinta. In ta ƙoshi, tafasarta takan kai kusan digiri 109 a bakin teku, daga nan kuma sai gishiri ya fara fitowa fari a gindin tukunya. Iyakar ƙarfin gishiri a ɓangaren zafi ke nan, digiri takwas zuwa tara.

Yanzu mu koma ɓangaren sanyi, inda ƙarfin nasa ya haura digiri ashirin.

Mu nan ruwa ba ya daskarewa da kansa. Hunturu komai tsananinsa, ba a taɓa wayar gari an ga madatsar ruwa ta Zobe ta zama dutse ba. Ƙanƙarar da muka sani ta Allah ita ce wadda kan zubo da hadarin farkon damina, ta yi wa shuka ɓarna ta narke. Sauran duk ta inji ce, kuma ta zama sana'a mai ci da gidaje. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, musamman shekarun nan da azumi ya riƙa faɗowa a cikinsu, ƙanƙara takan zama abin da ake layi a kansa kafin shan ruwa. Mai zoɓo na nema, mai kunun aya na nema, mai fura da nono na nema, mai fiya wata na nema, ga wutar lantarki ba ta zama. Duk wanda jarinsa ke narkewa a hannunsa, dole ya saurari kowace shawara da aka ba shi.

Ga abin da ke faruwa a jikin dunƙulen ƙanƙara. A kullum akwai ɗan ruwa-ruwa a samansa. Wasu ƙwayoyi na saki daga ƙanƙarar suna komawa ruwa, wasu na barin ruwan suna mannewa a ƙanƙarar. A daidai sifiri, masu fita da masu shiga adadinsu ɗaya. Ku ɗauka motar haya ce a tashar Dutsin-Ma, fasinja na sauka, wasu na hawa, mota ba ta cika ba kuma ba ta zama wayam ba. Sai masu talla suka yi dafifi a bakin ƙofa. Mai sauka zai sauka abinsa, amma mai hawa sai ya kutsa. Kafin a jima mota ta fara zama wayam. Ƙwayoyin gishiri su ne masu tallan. Suna rage masu komawa jikin ƙanƙara, ba sa hana masu fita, sai ƙanƙara ta kama narkewa.

Narkewa kuwa ba kyauta take faruwa ba, zafi take ci. Kilo ɗaya na ƙanƙara kafin ya narke sai ya shanye zafin da zai iya ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sifiri zuwa digiri 80. Idan gishiri ya tilasta mata narkewa da gaggawa, a ina za ta samo wannan zafi? Sai ta zuƙe shi daga jikinta da duk abin da ke kusa da ita. Shi ya sa haɗin gishiri da ƙanƙara yake yin sanyin da ya fi na ƙanƙarar kanta. Idan aka dace da gwargwado, wato kusan kashi ɗaya na gishiri a kashi uku na dakakkiyar ƙanƙara, sanyin yana iya gangarawa har digiri 21 ƙasa da sifiri. Firizar gida ma a wajen 18 ƙasa da sifiri take tsayawa.

To ɗan'uwa mai ƙanƙara, ga abin da wannan yake nufi a sana'arka. Wanda ya ce maka gishiri na ƙara sanyi bai yi ƙarya ba, ya taɓa ya ji. Kuskuren shi ne ɗaukar ƙarin sanyi a matsayin ƙarin daɗewa. Gishiri ciniki ne: ka ba da tsawon lokaci, ka karɓi tsananin sanyi. In saura minti ashirin a kira sallar magariba, ga lemo da zoɓo da ɗumi, ga masu saye sun taru, to daka ƙanƙararka a bokiti, zuba gishiri da ɗan ruwa, nutsa kwalaben a ciki kana juyawa. Za su yi sanyi cikin ɗan lokacin da ƙanƙara zalla ba za ta iya ba. Amma in so kake dunƙulenka ya kai ka daga hantsi zuwa la'asar a kasuwar Kurfi, kada gishiri ya kusance shi. Bar shi dunƙule guda, kada ka farfasa, lulluɓe shi da garin katako ko ɓuntun shinkafa da buhu, ajiye a inuwa, ka rage buɗe kula. Haka ma mai kifin da ya sayo daga Zobe yana son ya kai shi Katsina da ɗanyensa: ƙanƙara mai yawa da rufi mai kyau yake buƙata.

Manyan injinan yin ƙanƙara akwai masu aiki da wannan hikima kai tsaye. Ana cika kwatarniyar ƙarfe da ruwan gishiri mai kauri, inji ya sanyaya shi zuwa wajen digiri 10 ƙasa da sifiri, shi bai daskare ba saboda gishirin da ke cikinsa. Sai a nutsa gwangwanaye cike da ruwan sha a ciki. Da yake ruwa ya fi iska saurin janye zafi, sai su daskare da wuri fiye da a firiza. Mai irin wannan inji ya kula da abu biyu. In ruwan gishirin ya tsinke, zai daskare a jikin bututun inji, aiki ya tsaya. In kuma ya wuce wajen giram 300 a kowace lita, ƙarin ba ya ƙara komai, sai asarar gishiri da tsatsa.

Mai zoɓo ma tana da nata ilimin a nan, ko da ba ta ba shi suna ba. Ta san cewa in ta sa ledar ruwa da ledar zoɓo a firiza lokaci ɗaya, ruwan zai zama dutse, zoɓon yana nan da taushi. Sukari ma yana saukar da daskarewa, sai dai bai kai gishiri ba ko kusa. Giram 100 na sukari a lita ɗaya yana saukar da ita da wajen rabin digiri, giram 100 na gishiri kuwa da wajen digiri 6. Abin da ke hana zoɓon ƙanƙarewa gaba ɗaya shi ne, ƙanƙara ba ta karɓar baƙo a jikinta. Ruwa zalla ne ke fara daskarewa, ya bar sukari da launi a ɗan ruwan da ya rage, shi kuma yana ƙara kauri yana ƙara ƙin daskarewa. Yaran da ke tsotson daskararren zoɓo sun san ƙarshen labarin: zaƙi da ja su fara fitowa, a bar su da farar ƙanƙara lami a leda. Haka abin yake a tekunan ƙarshen duniya. Ruwan teku sai ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifiri yake daskarewa, kuma ƙanƙarar da ke fitowa daga cikinsa gishirinta kaɗan ne.

Me ya sa gishiri ya fi sukari ƙarfi har fiye da sau goma? An daɗe ana bin wannan tambaya. A 1788 wani Bature ɗan Ingila, Charles Blagden, ya nuna cewa gwargwadon yawan gishirin da aka narkar, gwargwadon saukar daskarewa. Kusan shekara ɗari bayan haka, a 1882, François-Marie Raoult na jami'ar Grenoble a Faransa ya gano cewa abin da ruwa ke lura da shi shi ne yawan ƙwayoyin da aka zuba masa, ba irinsu ba. Ƙwayar sukari ta ninka ta gishiri nauyi kusan sau shida, don haka a awo ɗaya ƙwayoyin gishiri sun fi yawa sau shida. Duk da haka lissafi bai cika ba, domin gishiri na yin ninkin abin da ake zato. Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ne ya warware wannan a 1887: ya ce gishiri in ya shiga ruwa rabewa yake gida biyu, sodiyam gefe, kulorin gefe, kowanne na aiki a matsayin ƙwaya mai zaman kanta. Manyan masana na lokacin da yawa ba su yarda da shi ba da farko, amma a 1903 aka ba shi lambar yabo ta Nobel. Tun kafin su duka, a 1724, Daniel Fahrenheit ya kafa sifirin ma'auninsa a kan sanyin da ya samu daga haɗin ƙanƙara da ruwa da wani nau'in gishiri. Shi ne ma'aunin da Amurka ke amfani da shi har gobe, kuma sifirinsu ya yi daidai da wajen 18 ƙasa da sifiri a namu. A can, gishirin da ake watsawa a tituna lokacin sanyi don kada motoci su zame ya kai wajen tan miliyan 20 a shekara, kuma suna biyan kuɗinsa da tsatsar motoci da gadoji da gurɓatar rafuka.

Tunda an ambaci mota, malam direba mai bin hanyar Katsina zuwa Kurfi zuwa Dutsin-Ma, kada ka ji an ce gishiri na ɗaga tafasa ka ce bari ka zuba a lagireto. Zai cinye maka ƙarfen inji. Ruwan nan mai launi da ake sayarwa don lagireto da wannan ƙa'ida yake aiki, amma da sinadarin da aka haɗa shi da maganin tsatsa. Mafi yawan kariyar da injinka ke samu daga tafasa ma daga murfin lagireton take, domin shi ke kulle tururi. In robarsa ta mutu, canza shi ya fi komai.

Akwai wurare biyu da nake roƙon jama'a da babbar murya kada a kai haɗin gishiri da ƙanƙara. Na farko jikin mutum. Yara kan yi wasan ɗora gishiri a hannu su danna ƙanƙara a kai don a ga wa zai fi juriya. Sanyin digiri 15 ko 20 ƙasa da sifiri yana kashe fata kamar yadda wuta ke yi, kuma da yake wurin yakan mutu da sanyi, yaro ba ya jin zafin sai ɓarna ta auku. Na biyu magani. Yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 sama da sifiri. Akwai waɗanda in suka daskare sau ɗaya sun lalace ke nan, kamar ta ciwon hanta, da ta sarƙewar haƙora, da allurar nan mai haɗe da rigakafi biyar da ake yi wa jarirai. Shi ya sa ake koya wa ma'aikatan lafiya su bar robobin ƙanƙara su fara narkewa, har a ji ruwa na motsi a ciki in an girgiza, kafin a jera su a akwatin allura. Allurar insulin ta masu ciwon sukari ita ma daskarewa na kashe ta. Mai ajiye ta a gida, in wuta ta ɗauke, ya sa ta a wuri mai sanyi kusa da randa ko a kula, a naɗe da tsumma yadda ba za ta taɓa ƙanƙara ba, gishiri kuwa ko kusa.

Magana ta ƙarshe ga malamai take. Garin Dutsin-Ma na da Jami'ar Tarayya tun 2011, yana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke yaye malaman da ake turawa makarantun Kurfi da Safana da Ɗanmusa da sauransu. Jihar nan ce ta fitar da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda kafin ya zama gwamna da shugaban ƙasa malamin kimiyyar sinadarai ne. Bai kamata a ce ɗalibinmu ya haddace wannan darasi don jarrabawar WAEC ko NECO, ya koma gida mahaifiyarsa na watsa gishiri don ruwa ya tafasa, yayansa na barbaɗa shi a ƙanƙarar sayarwa, shi kuma bai ga alaƙar abin da ya rubuta a takarda da abin da ke gabansa ba. Ana yawan kukan rashin kayan ɗakin gwaji, kuma kukan na da tushe. Amma wannan darasi ba ya jiran ɗakin gwaji.

Malam, nemi gwangwanin madara guda biyu, da ƙanƙarar da za a daka ta cika su, da gishirin ƙulli ɗaya, da ma'aunin zafi mai sauka ƙasa da sifiri. Zuba gishiri a gwangwani ɗaya, bar ɗayan haka. Yara su riƙa karanta ma'auni duk bayan minti biyu suna rubutawa a allo da hannunsu. Su sa ɗan ruwan sha a ƙaramar leda su nutsa a kowane gwangwani, su ga wanne zai daskare. Su kuma duba agogo su ga wanne gwangwani ne ƙanƙararsa ta riga ƙarewa. Washegari a ɗora tukwane biyu masu girma ɗaya a wuta iri ɗaya, da ruwa awo ɗaya, ɗaya da cokalin gishiri ɗaya babu, a auna lokaci. Sannan a sake, wannan karon ɗaya da murfi ɗaya a buɗe. Gani ya kori ji. A umarce su su kai sakamakon gida, su karanta wa iyayensu mata da masu sana'ar ƙanƙara na unguwarsu, su dawo aji da tambayoyin da aka yi musu. A dai kula kada kowa ya riƙe haɗin gishirin da hannu tsirara, kuma babba ya tsaya a kan wutar.

Nan za mu dakata a sharhinmu na yau.